Dattijo Mai Gwaji da Kunne Ɗaya

Mai shagon kayan sauti ta saba da masu cewa a ƙure ƙara. Wannan dattijon kuwa cewa yake yi a kashe waƙar.

Dogo ne, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, tafin hannunsa duk kanta. Ya zo da kwamfutarsa da lasifika biyu naɗe cikin tawul. Ɗan akwatin nan mai araha yake nema, wanda ake haɗawa tsakaninsu don ya kashe ƙugin da kwamfuta ke zubawa cikin sauti.

Duk wanda ta haɗa masa, sai ya manna kunnen dama a lasifika, ya runtse ido, alhali ba a kunna komai ba. Na uku ke nan yake turewa. Tana kallonsa tana ayyanawa, wataƙila lasifikar nan ce kaɗai abokiyar hirarsa a ɗaki.

Ta ce, "Baba, anya ƙugin nan ba a kunnenka yake ba?"

Ko ɗagowa bai yi ba.

"'Yar nan, shekara talatin ina gindin injin niƙa. Ya cinye min kunnen hagu, ban ce uffan ba, don shi ke ciyar da ni. Kwamfuta kuwa me ta taɓa ba ni? Ɗauko na huɗu."