Motar da Inuwa Mai Walda Ya Zaɓa

Inuwa ɗan Toranke ne, amma a Gaya aka fi saninsa, domin nan shagonsa na walda yake, a bakin titin da ya nufi Ajingi. Shan inna ya kama shi tun yana ƙaramin yaro, ya shanye masa ƙafafu biyun, ya bar masa ƙirji da damatsa irin na ɗan dambe. Mahaifinsu manomin gyaɗa ne. Da ya ga yaron ba zai iya riƙe garma ba, sai ya kai shi wajen wani maƙeri a Gaya. Daga ƙira ya koma walda. Da keken guragu ya fara, na farkon ma nasa ne, daga baya ya shiga ƙera ƙofofi da injin ɓarar gyaɗa. Injinan ne suka ɗaga shi. Duk kaka manoman Ajingi da ƙauyukanta sai sun yi layi a shagon, har daga Jigawa ana zuwa.

Yana da babur mai ƙafa uku da ya gyara da hannunsa, da shi yake zuwa ko'ina. Abu biyu ne suka sa ya fara maganar mota. Wata damina babur ɗin ya kife da shi da matarsa Bara'atu a hanyar Ajingi, ta karye a tsintsiyar hannu. Na biyun kuma bai faɗa wa kowa ba sai ita. Ya je Kano ganin wani attajiri da ya aiko a kira shi kan aikin injina, maigadi ya leƙo ya gan shi a kan babur, ya ce masa, "Allah ya ba da haƙuri, yau ba a rabo." Sai da attajirin ya fito da kansa aka buɗe masa ƙofa.

"Ba wai ina son nuna isa ba ne," in ji shi ga Bara'atu. "So nake in na tsaya a ƙofar mutum a tambaye ni wa nake nema."

Ita dai ta gyara hannunta da ke rataye a wuya.

Dillalin da ya nema wani ne Abdulsalam, mutumin Gaya mai sayar da motoci 'yan Kwatano a Kano. Bayan watanni ana aiko hotuna ta waya, zaɓi ya tsaya a kan guda biyu, dukkansu ƙanana masu tsada: baƙar Marsandi C300 da farar Leksus IS. Inuwa ya ce ba zai sayi abin da bai taɓa da hannunsa ba. Abdulsalam ya yarda ya kawo su Gaya wata Asabar, amma ya ce kafin magariba ɗaya za ta koma Kano, domin akwai mai jiran duk wadda aka bari.

Tun da hantsi jama'a suka cika ƙofar shagon. Kowa da ra'ayinsa, kuma kusan kowa Leksus yake so. Ana cewa kayan gyaranta ba sa wuya a kasuwar Ƙofar Ruwa, kowane makanike ya san cikinta, ita kuwa ɗayar sai an kai ta Kano a jona mata kwamfuta. Wanda ya fi kowa nacewa shi ne Ɗahiru, yayan Inuwa.

Ɗahiru ya yi shekaru yana jan bas tsakanin Ajingi da Kano. Wata rana kusa da Wudil tirela ta ƙwace ta hau kansu, fasinjojin da ke bayansa suka rasu, shi ya fita da tabo a goshi. Kowa ya shaida ba laifinsa ba ne, amma tun daga ranar bai ƙara taɓa sitiyari ba. Ya koma Toranke ya riƙe gonar gidansu. Ranar Asabar ɗin nan ya hawo acaɓa ya zo ba a kira shi ba.

Ya zagaya motocin biyu, ya durƙusa ya duba ƙasansu, ya buɗe ƙofofi ya leƙa wajen ƙafar direba. A Leksus ɗin ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe ya ce, "Wannan za ka ɗauka."

"To, Yaya. Bari ni ma in gani."

Inuwa ya sauko daga kan kekensa, ya kama ƙofa ya ja jikinsa ya hau kujerar direba. Nan take ya ga abin da yayansa ya gani. Birkin ajiye motar da ƙafar hagu ake taka shi, can ƙasa a lungu. Ya fito ya shiga Marsandin. A nan wani ɗan maɓalli ne kusa da hannun hagu, giyar ma a jikin sitiyari take, da yatsa ake taɓa ta.

Ya ɗago ya dubi Ɗahiru. Ɗahiru ya kawar da kai.

"Ashe ka san ni zan tuƙa," in ji Inuwa.

"Garin nan wa bai sani ba? An ce kullum da safe kana filin makaranta da tsohuwar motar wani kana zagaye. Filin makaranta ba titi ba ne, Inuwa."

Gaskiya ne. Kusan shekara guda ke nan Inuwa yana koyo. Ya ƙera wani ƙarfe mai sanda biyu, ɗaya tana kama birki, ɗaya tana kama totur, su haɗu a mariƙi guda a hannun hagu. In ya tura gaba mota ta tsaya, in ya jawo ta tafi. A sitiyari kuma ya ɗaura wani dunƙulen ƙarfe da yake juyawa da hannun dama.

"Ka sayi farar nan," in ji Ɗahiru, ya rage murya don kada jama'a su ji. "Ni zan riƙa jan ka. Duk inda za ka, ko da tsakar rana ne ko damina, ka kira ni."

Inuwa ya san irin nauyin wannan magana a wajen yayansa. Mutumin da ko gaban mota ba ya yarda ya zauna, yau shi ne yake cewa zai koma tuƙi. Ya dubi hannuwan Ɗahiru, ya ga ya cusa su cikin aljihun riga.

"Yaya, ba direba nake nema ba."

"Na sani. Shi ya sa nake jin tsoro."

Abdulsalam ya duba agogo, ya ce, "Alhaji, rana tana yi. A yanke shawara."

Inuwa ya ce sai ya gwada baƙar a titi. Dillalin ya yi tsalle ya ce ba za a huda masa mota ba. Inuwa ya nuna masa ƙarfen matsewa kawai ake yi da noti, ya ɗaura a gabansa, ya ce ya ja da iyakar ƙarfinsa. Abdulsalam ya ja bai motsa ba. Duk da haka sai da ya kira mai motar a waya, aka yi ta ja-in-ja, kafin ya yarda, da sharaɗin Abdulsalam yana zaune a baya.

Ɗahiru ya buɗe ƙofar gaba ya zauna. Ba wanda ya ce masa ya shigo, ba kuma wanda ya iya cewa ya fita.

Suka hau titin Ajingi. Lokacin an gama yankan gero, ana ta ɗiban amfani daga gonaki. Inuwa ya yi bisimilla ya jawo mariƙin a hankali. Motar ta tafi sumul, ba ƙara, har yana jin numfashin yayansa. Ya wuce Keke Napep biyu, ya kauce wa wani rami. Gumi ya jiƙa masa baya ko da yake sanyin motar na busawa.

"Rage," in ji Ɗahiru.

"A hankali nake, Yaya."

"Na ce ka rage. Akwai kwana a gaba."

Ya rage. Suka sha kwanar lafiya. Abdulsalam ya fara cewa wani abu game da laushin kujeru.

Bayan kwanar kaɗan, wani amalanken shanu ɗauke da damman gero ya fito daga burtali ta hannun dama, bijiman suka hau kwalta kai tsaye. Inuwa ya hango ƙahonninsu tun suna tsakanin ciyayi, ya riga ya tura mariƙin gaba, motar ta fara tsayawa. Amma Ɗahiru bai ga hannun hagun ƙanensa ba. Ƙafafunsa ya gani a ajiye ba sa motsi. Ya kwarma salati, ya kai hannu biyu ya finciki sitiyarin.

Motar ta yi gefe. Tayoyin dama suka sauka daga kwalta, ƙasa ta tashi. Abdulsalam ya ƙwala ihu a baya. Inuwa ya danna mariƙin da dukkan nauyin kafaɗarsa, hannun dama kuma yana kokawa da hannuwan yayansa. Suka tsaya cak, hancin motar yana leƙen wani kwazazzabo da ruwan damina ya haƙa a gefen titi. Da sun ƙara taku ɗaya da sun faɗa.

Mai amalanken ya ja shanunsa ya tsallaka yana waiwaye yana ba da haƙuri.

Inuwa ya sa giya a tsaye, ya danna maɓallin birki, sannan ya saki mariƙin. Tafin hannunsa ya yi shatin ƙarfe.

"Na riga na danna birki, Yaya," in ji shi. "Na gan su kafin ka gan su. Kai ne ka kusa kashe mu."

Bai taɓa yi wa yayansa magana irin wannan ba. Ɗahiru ya buɗe ƙofa ya fita. Ya tsaya bakin kwazazzabon yana kallon ciki, sannan ya juya ya kama hanyar Gaya da ƙafa.

Abdulsalam ya fito ya zagaya motar yana shafa jikinta. Ba ta ko ƙwarzane ba. Ya ce, "Alhaji, don Allah koma gefe in mayar da mu."

Inuwa bai motsa daga kujerar ba. Ya san in ya bar kujerar nan yanzu, labarin da zai shiga gari shi ne gurgu ya kusa jefa mota a rami an ƙwace. Ya kuma san shi kansa ba lallai ya ƙara samun zuciyar zama a kanta ba.

"Shiga baya, Abdulsalam."

Ya yi ribas a hankali, tayoyin suna murza ƙasa, har suka kama kwalta. Ya juya motar. Ya tarar da Ɗahiru yana tafiya a gefen titi, hularsa a hannu. Ya sauke gilashi ya bi shi da tafiyar da ba ta fi ta mutum ba.

"Yaya, ka yi haƙuri da abin da na faɗa. Shigo."

Ɗahiru bai juyo ba. Suka yi nisa a haka, masu babura suna wucewa suna kallonsu.

"Ni na ciro mutane daga motata da hannuna," in ji Ɗahiru daga ƙarshe, yana kallon gabansa. "Har da wata mata da na sani tun tana yarinya. Ba ka san yadda ƙarfe yake yi da mutum ba. Kai ƙarfe a shago ka san shi."

"Gaskiya ne. To ka koya mini abin da ban sani ba. Amma kada ka sa in sayi motar da sai na jira wani ya sake mini birki."

Ɗahiru ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya buɗe ƙofar baya ya zauna kusa da dillalin, ya ce, "Ban yarda da hannuna a gaba ba."

Farar ce ta koma Kano da yammacin nan. Ɗahiru ya hau acaɓa ya tafi Toranke ba tare da ya sa albarka ba, kuma har aka gama sussuka bai leƙo Gaya ba. Bara'atu ma da ta ji abin da ya faru ta ce ita da yaranta ba za su shiga ba sai ya samo lasisi. Wannan ya ɗauki watanni, domin sai da jami'ai suka duba ƙarfen, suka sa ya sake wani noti, suka gwada shi a titi.

Da rani Ɗahiru ya zo da kansa, wai ya kawo galma a gyara masa. Da aka gama ya ce su je Wudil. Daga kujerar baya ya riƙa faɗa masa yadda ake karanta tirela tun daga nesa, da inda direbobin haya suke tsayawa ba sigina, da wuraren da shanu suka saba tsallakawa. Da suka zo wajen da ya yi hatsari ya rufe ido har suka wuce. Sun yi irin wannan tafiya sau da dama.

Yanzu Inuwa yana zuwa Kano shi kaɗai. In damina ta yi nisa kuwa ba ya kai motar Toranke, don jikinta ya yi kusa da ƙasa da yawa ga wannan hanya, kamar yadda ɗayar ma da za ta kasance. A Ajingi yake ajiye ta gidan wani abokinsa ya ƙarasa a Keke Napep. Makanikensa yana Kano, kuma in ka tambaye shi zai gaya maka kai ta can ɗin yana cin masa yini guda. Har yau shi da Ɗahiru ba su daidaita kan wace mota ta fi ba. A shagon dai an ƙara sana'a guda: masu lalurar ƙafa daga Dutse da Kano suna kawo motocinsu a ɗaura musu irin ƙarfensa, kuma ba ya sallamar kowa sai ya zauna a gefensa sun je Ajingi sun dawo.