Hannun Hagu

Shekara goma sha tara ina gyaran keken ɗinki a wata 'yar rumfa a bakin Kasuwar Kurmi kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ni. Ni kaɗai ne Kirista a layinmu. Iyayena mutanen karkara ne daga kudancin Kano, a can aka yi mini baftisma, amma Kurmi ce ta san ni.

Na tashi daga jinyar, sai dai hannuna na dama ya ƙi komawa daidai. Ina ɗaukar sukudireba sai ya hau rawa, ƙusa ta faɗi ƙasa in yi ta lalube. Masu kawo aiki suka fara wucewa da kekunansu, suna gaishe ni daga nesa cikin tausayi.

Idan aka kira azahar layinmu kan yi tsit, kowa ya tafi masallaci, a bar ni da gadin rumfuna. A wannan lokacin nake addu'a. Gaskiya ba addu'a ba ce, ƙorafi ne. In runtse ido in yi ta jero wa Ubangiji abin da nake so: a maido mini da hannuna, yau, yanzu.

Wata ranar Lahadi muna dawowa daga coci na faɗa wa matata cewa na gaji, Allah ya yi mini shiru.

Ta ce, "Maigida, kai ka taɓa yin shirun? Ko da ni kake magana ba ka barin a amsa maka."

Na ji haushi, amma washegari na gwada. Da aka tafi salla na karanta aya ɗaya tak a Littafi Mai Tsarki, wadda take cewa mutum ya natsu a gaban Allah, na rufe littafin na zauna ina juya ta a zuciya. Da wuya. Tunanina ya tafi cefane, ya tafi asibiti, ina jawo shi yana kuɓucewa. Haka na yi ta yi kullum har damina ta wuce. Hannun bai daina rawa ba, amma zafin da ke ƙirjina ya sauka.

Ana cikin haka, ran nan ina zaune shiru na buɗe ido, sai na ga hannuna na hagu a kan gwiwata, lafiyayye, ko motsi ba ya yi. Wata bakwai ina kuka a kan ɗaya, ban taɓa kallon ɗayan ba. Na yi dariya ni kaɗai har da hawaye.

Na koma ɗan koyo da furfurata. Na kwance wani mataccen keke na ɗaure ya fi sau talatin da hagu. Maƙwabcina, wani dattijo mai sayar da jakunkunan fata, ya kafa mini ƙarfen matsewa a jikin teburi don ya riƙe mini abin da dama ta kasa riƙewa.

Sai ga wata Hajiya daga Koki da tsohon keken mahaifiyarta, wanda masu gyara uku suka ce ya gama yayi.

"Malam, an ce hannunka ba lafiya."

"Ɗaya ne, Hajiya. Ajiye shi."

Kwarkwaron da ke riƙe zaren ƙasa ne ya saɓa da allura. Na yi 'yar addu'ata a zuci, na shiga aiki a hankali. Kafin la'asar na sa ƙyalle na taka. Ɗinki ya fita sar, babu tsalle ko ɗaya.

Dattijon ya leƙo, ya ɗaga ƙyallen sama yana nuna wa 'yan layi.

"Ku zo ku gani! Bahago ya tashi mataccen keke!"

Aka taru ana ta barka, Hajiya tana rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa. Kafin mako ya zagayo, kekuna biyar ke jere a ƙofar rumfata suna jiran layi.