Rabin Sanarwa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin katikis, wato mai koyar da addini, a wani ƙaramin cocin Katolika a gefen Akurba, kuma ba yabon kai ba, na iya aikin. Fadanmu, limamin cocin, Bature ne, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba. In an gama Mas ranar Lahadi, ni nake miƙewa in yi sanarwa. Duk abin da ya fito daga bakina, a wurin jama'a maganar Fada ce. Ba mai bin diddigi.

Akwai wata tsohuwa da muke kira Mama, mai sayar da gishirin Awe a kasuwar Lafia. Ita ke jan addu'ar rosari kafin Mas, daga bencin gaba, da wata murya mai kaushi da ta fi ƙarfin kunne. Wata Talata cikin damina ta same ni ina sharar harabar coci.

"Katikis, na ga Uwarmu Maryamu," ta ce, ba ko ɗar.

Wai tana cire ciyawa a gonar rogonta ta hanyar Kwandere, da hantsi, sai ga mace cikin fararen kaya a gindin ɗorawa. Ta ce mata mutane su daina karɓar Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki, da gaba a zukatansu. "Kuma ta ce in gaya maka, ka je ka gai da yayanka."

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Shekara uku ba ma ga maciji da yayana a kan iyakar gonar babanmu, kuma kaf cocin an sani. Ni da na yi karatun katikis, mai gishiri ce za ta kawo mini saƙo daga sama?

Na kai ta wurin Fada, don haka ƙa'ida ta ce. Ya yi ta jero tambayoyi ina fassarawa: ko tana zazzaɓi, ko ta karya kumallo ranar, ko tana so a riƙa taruwa a gindin bishiyar. Ta ce a'a, ita dai an aike ta ne, ta kuma isar. Bayan ta fita, ya ce tunda maganar ta riga ta zaga zumuntar mata, in yi bayani ranar Lahadi. Abu biyu ya ba ni. Na farko, Ikilisiya ba ta tilasta wa kowa gaskata wahayin da mutum ɗaya ya ce ya gani, domin abin da ya wajaba ga cetonmu ya riga ya cika a Bishara. Na biyu, bai sami komai a maganar Mama da ya saɓa wa bangaskiya ba, don haka mai son ɗauka ya ɗauka, kuma kada wanda ya yi mata dariya.

Ranar Lahadi na miƙe na faɗi na farkon, da ƙarfi, har sau biyu. Na biyun na haɗiye shi. Fada na zaune a bayana yana gyaɗa kai, bai san me na bari ba. Wani ya yi dariya can baya, wasu suka taya shi.

Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina. Amma kafin wata ya ƙare, sunanta ya koma Mai Mafarki. Wata mata daban ta karɓi jan rosari. Mama ta koma bencin ƙarshe kusa da ƙofa, inda feshin ruwa ke shigowa. Ba ta taɓa fashin Mas ba, ba ta kuma daina gaishe ni ba, abin da ya fi komai ci mini rai ke nan.

Bayan shekara biyu ciwo ya kwantar da ita. Na raka wani sabon Fada kai mata Jibi, da niyyar in faɗa mata gaskiya. Tun a hanya nake shirya kalmomin. Ina durƙusawa ta riƙe hannuna.

"Ɗana, ka je wurin yayanka?"

"Na je, Mama," na ce.

Ta lumshe ido, ta ce to madalla. Ban je ba. Wannan karon ba rabin gaskiya ba ce, ƙarya ce tsagwaronta, a gaban Jibin Ubangiji.

Ko ta ga Uwarmu, ko rana ce ta buge ta, har yau ban sani ba, kuma Ikilisiya ba ta ce sai na sani ba. Wurin yayana kuwa na je, kwana biyu bayan mun binne ta. Ya shimfiɗa mini tabarma, muka ci doya da manja, maganar gona ko tasowa ba ta yi ba. Ashe abin bai fi haka ba.

Sauran sanarwar ce ban taɓa yi ba. Lahadi nawa na miƙe a gaban mutanen nan bayan haka, bakina bai buɗe ba. Yawancinsu sun mutu suna ce mata Mai Mafarki. To, ga ta yanzu, ga duk wanda ya rage: Fada ya ce kada wanda ya yi wa Mama dariya.