Inda Aka Kwantar da Baba

Majami'ar ƙauyenmu, can gabas da Cadawa, a zauren gidanmu ta fara, da mutum biyar: Baba, Inna, ni, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, da wani makiyayi da har yau ban sani ba ko addu'a ke kawo shi ko furar Inna. Baba ya je cin rani kudu ne ya dawo da Littafi Mai Tsarki da wata irin addu'a da ake yi da ɗaga hannu da hawaye. Kafin damina ta kama, gari ya juya mana baya. Aka daina kiranmu suna da biki. Baffa, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, ya daina sa hannu a kwano ɗaya da shi.

Da muka kai ashirin zaure ya yi mana kaɗan, sai Baba ya yanki gefen gonarsa ya kafa rumfar kara. Iska ta kwashe ta sau biyu. Daga nan ya yi tubali da hannunsa, mu mata muna jido ruwa, aka tada ɗakin laka mai taga ɗaya. A cikinsa muka yi shekaru muna waƙa muna zufa.

Baba ya rasu da bazara. Aka ce ba shi da wuri a maƙabartar gari, to sai aka kai shi gonarsa, bayan majami'a, wajen wata aduwa. Mun bar addinin garin, amma ba mu bar yadda garin ke binne mutum ba. Rami, itace, laka, a ɗora ƙaya a kai, shi ke nan. Ba wanda ya yi tunanin siminti ko rubutu, don a wajenmu ba a yi wa kabari ado. Kuma mata ba su bin gawa. Ina cikin gida ina kuka aka rufe mahaifina. Daga baya na ji cewa Baffa ne ya zo da fartanya, ya haƙa wa wansa kabari, ya koma gida.

Aure ya kai ni Gidan Rumji, na ɗauko Inna ta ƙarasa kwanakinta a wurina. Majami'a kuwa ta yi ta girma. Malaman lakol, wato makarantar boko, da aka turo ƙauyen suka shigo, masu neman addu'ar ciwo suka riƙa zuwa daga ƙauyukan kewaye. Aka sa kwano, aka sa lasifika. Dattawan da suka binne Baba suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, aka kawo sabon fasto daga birni, matashi mai babur da takalmi mai ƙyalli. Idan na je ziyara nakan tsaya gindin aduwa in yi addu'a. Ruwan sama ya daɗe da shafe tudun kabarin, ni ma aduwar kawai na sani.

Wata ranar kasuwa wani direba ya kawo mini saƙon Baffa cewa in zo maza, ana haƙa. Na iske an sare aduwa, an ja igiya, magina na fitar da harsashin sabon gini wanda zai ci mutum ɗaruruwa. Fasto ya tarbe ni da fara'a, har da sa a kawo mini kujera. Na ce masa mahaifina na kwance a cikin igiyar nan.

Ya ce, "Mama, nuna mana wurin, sai mu kewaye shi."

Na tashi na shiga filin. Na yi gabas, na yi yamma, na dawo. Ƙasa duk iri ɗaya. Magina sun dafa shebur suna kallona. 'Yar mutum guda, an ce ta nuna kabarin ubanta, ta kasa.

Na ce a kira Baffa. Nan take dattawan majami'a na yanzu, waɗanda ko ɗayansu bai taɓa ganin fuskar Baba ba, suka fara gunaguni. Wai waɗanda suka hana mu kabari jiya su ne yau za su hana mu gina ɗakin Allah, wai makirci ne. Baffa ya zo duk da haka, yana dogara sanda. Ya tsaya a kututturen aduwa, ya ƙirga taku, ya caka sandar a ƙasa.

Ya ce, "Nan na gina kabarin. Kansa na kudu, fuskarsa na gabas. Ni haka na iya kwantar da mutum."

Wurin ya faɗo tsakiyar ginin. Fasto ya ce zai kai maganar gaban Ubangiji cikin addu'a, ya kuma tuna mini cewa Baba na sama, ƙasusuwa ne kawai a nan. Na san haka, tun kafin a haife shi nake jin wannan wa'azin. Mako uku bayan na koma gida aka zuba siminti.

Ranar buɗe ginin na je, don an aiko mini da takarda. Aka karanta tarihin majami'a, aka ambaci sunan Baba a matsayin wanda ya kafa ta, aka yi tafi da guɗa. Mata na rawa a tsakiyar ɗakin, siminti na ɗaukar ido. Sai fasto ya kira ni ta lasifika, wai in fito gaba a ga 'yar bawan Allah.

Na tsaya a bakin ƙofa ina duban daɓen. Daga nan zuwa gaba taku talatin ne ko ƙasa da haka, kuma ban san wanne ne zai sauka a kan mahaifina ba. Suna ta tafi suna jirana. Na juya na nufi gidan Baffa, wanda shekara arba'in ban shiga ba, na zauna kusa da shi a ƙofar ɗakinsa.