Dusa ta Saman Ƙofa

Mai walda yana liƙe ƙofar ƙarfen da aka sa shi ya toshe hanyar tafki da ita, sai ga wani mutum a gefensa. Dogo ne, ya fara ranƙwafawa, rana ta ƙone masa wuya, ƙugiya biyu soke a jikin hularsa. Ba sandar fatsa a hannunsa, sai tsohon bokiti.

Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa yana jiran zagi, don tun safe masu fatsa ke sauke masa baƙar magana, sai ka ce shi ya ba da umarnin rufewa. Wannan kuwa sai ya ajiye bokitinsa. Ya durƙusa yana kwaɓa dusa, yana dunƙulawa a tsanake, da ka gani hannu ya saba. Ƙila akwai bakuna a gida da kifin tafkin nan ke rufa wa asiri.

"Baba, an fa rufe."

"Na gani, ɗana. Kifayen ne ba a gaya wa ba. Gindin dutsen can nake ba su abinci, in suka ji shiru watsewa za su yi."

Ya ja da baya, ya wurga dunƙulen ta saman ƙofar iya ƙarfinsa. Dusar ta faɗi kan yashi, nesa da ruwa, tsuntsaye suka sauko mata.

Mutumin ya murza kafaɗarsa, ya sake dunƙula wani. Mai walda ya sauke gilashi ya rufe fuska, alhali bai kunna wuta ba.