Gwaram da Ƙwal-ƙwal

A shekarar da yanar ido ta rufe idon Inna na dama, na hagu kuma ya fara bin sahu, ina koyar da Hausa a wata sakandare, ina da tsohuwar mota wadda ta girmi auren da na yi, na saye ta ne bayan ganin Inna ya dushe. Likitan ido a Wusasa ya ba mu ranar Litinin don yin aiki. Ya kuma faɗa mana cewa daga wannan makon zai yi tafiya mai tsawo, in mun kuskure ranar sai dai mu jira wata shekara, idon kuwa ba zai jira ba.

Saura kwana biyar na kai ta barkar suna a Kusfa. Da muka dawo ta sauka, ta dafa bango, ta ce, "Kai wannan, ba ni ƙara shiga abin nan."

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana cikin raha ni ne Malam, in ranta ya ɓaci kuwa "kai wannan".

Dalilinta shi ne ƙarar da motar ke yi duk sanda ta faɗa rami ko ta hau tudu, a lungunan cikin birni kuwa ba ka yin taku goma ba ka gamu da ɗaya daga cikinsu ba. Wani maƙwabcinmu tayarsa ta taɓa ficewa a hanya, kuma a cewar Inna da irin wannan kukan ta fara. Na ce to mu ɗauki tasi. Ta ce motar ɗanta ma ba ta yarda da ita ba, balle ta wanda ba ta san uwarsa ba.

Washegari na kai motar gareji a wajen Ƙofar Doka. Makanikin dattijo ne mai ƙarancin magana, ya fi yarda da kunnensa a kan bakin mai mota. Muka zaga da shi a kan kwalta, motar ta yi tsit kamar ɗalibin da aka tsayar gaban hedimasta.

"Malam, yaya take kukan? Yi mini da baki."

Abin da nake ci da shi ke nan. A makon ma na koya wa 'yan aji huɗu amsa-kama, kalmomin nan da ke kwaikwayon sauti, irin su tinjim da fau. Na gyara murya na ce, "Gwaram. Gwaram-gwaram, daga gaba, hagu."

"Gwaram shokazoba ce," in ji shi, wato ƙarfen da ke shanye jijjigar mota. Ya sauya ta hagun. Ina shiga Ƙofar Kuyambana na taka ramin farko, ƙarar ta gaishe ni kamar ba a yi komai ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci na zauna gaban Inna ina yi mata bayani, har da zana ƙafar mota a ƙasa da tsinke, na manta ba gani take ba. Ta bari na gama.

"Me ka ce wa mai gyaran?"

"Na ce tana yin gwaram."

"Gwaram?" Ta juyo da kunnenta wajena. "Kai da ake biya ka koya wa 'ya'yan mutane Hausa? Gwaram ai faɗuwar tulu ce, abu mai nauyi. Wannan ƙwal-ƙwal take yi, kamar ludayin ƙarfe a bakin kwano. Kuma ba ta wajenka ba ne, a ƙarƙashin ƙafata ne."

Ni ina zaune a hagu, sai na ɗora laifin a hagu. Ita da take dama, ido ya tafi, kunne ya karɓi aikinsa.

Asabar da safe na koma garejin. Na so in ce na sake nazari ne, amma dai na faɗi gaskiya, na ce gyaran tsohuwata ne. Makanikin ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Ƙwal-ƙwal ta ce? Ai da ka kawo Hajiya tun farko. Ƙarfe ne ke dukan ƙarfe."

Ya danna gaban motar ta dama ya saki, ta ɗago ta tsaya cak, ya ce shokazobar nan lafiyarta lau. Ya sa jak ya ɗaga, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ba ta motsa ba. Wannan, in ji shi, shi ne abin da Hajiya ke tsoro, mahaɗar da ke riƙe da taya, kuma garau take. Sai ya zura dogon ƙarfe ya taɓa sandar da ta haɗa ƙafafun gaba biyu. Ƙwal. Ya sake. Ƙwal-ƙwal. Robar da ke raba sandar da mariƙinta ta cinye, saura wani ɗan baƙin zobe kamar ƙonannen ƙosai. Ya yanko sabuwa daga tsohuwar tayar babbar mota, ya fafe ta da wuƙa, ya cusa, ya ɗaure.

Inna ta yarda da gwaji, bisa sharaɗin in bi ta hanyar Kusfa, inda ta san kowane rami da kunnenta. Na bi da ita a hankali. Rami na ɗaya, na biyu, tudun bakin masallaci. Ko ƙwal ɗaya ba mu ji ba har muka tsaya a ƙofar gida, sai ta juyo wajena.

"Malam, ƙarfe nawa za mu tashi ran Litinin?"

Bayan aikin da kwana biyu aka cire mata bandeji. Muka fito harabar asibitin tana riƙe da hannuna, ta tsaya ta daɗe tana duban motar, daga fitilar da aka ɗaure da waya har ƙofar da launinta ya bambanta da sauran.

"Ashe haka take?" ta ce. "Da na gan ta tun farko, da ba a kan kuka za mu yi rigima ba."

Sannan ta buɗe ƙofar da kanta ta shiga.