Katin Yatsun Matan Yako

Ina ajin ƙarshe a jami'a a Kano, zamanin mulkin soja, malamina ya ba ni aikin kammala karatu a kan zanen yatsu. So yake ya ga ko kwamfuta ɗaya tilo da ke sashenmu za ta iya bambance mutane ta babban yatsansu. Ya ce in samo na maza da na mata daga ƙauye, in ba haka ba, ba zan fita tare da 'yan ajinmu ba.

Ana saura kwana biyu Sallah na hau ƙaramar bas zuwa Yako, don lokacin kaɗai muke da hutu. Maza ba su wahalar da ni ba, illa wani dattijo da ya sa na rantse ba harkar zaɓe ba ce. Mata kuwa, gidajen ba a shiga. Mai masaukina ya haɗa ni da yayarsa, wata tsohuwa mai fara'a. A zaure na nuna mata yadda ake dangwalar tawada a mirgina yatsa a kan kati. Ta ce ta gane. Kafin la'asar ta kawo min kati arba'in, tsaf da su. Na yi ta zuba godiya.

A ofis malamin ya ɗora gilashin ƙara girma a kan na farko, na biyu, na biyar. Sai ya tambaye ni ko duk matan Yako wuƙa ta yanke su a waje ɗaya. Tabo ɗaya ne a kati arba'in. Ya ce ni na zauna a ɗaki na danna, sai da na miƙa masa yatsuna ya duba.

Na koma Yako raina a ɓace. Na durƙusa na gaishe da tsohuwar, sannan na tambaya. Ko a jikinta. Wai ranar duk matan sun yi ƙunshin Sallah, hannuwa a ɗaure cikin lalle, wa zai kwance saboda tawada?

"Ɗan nan, ka taso tun daga birni, in bar ka ka koma haka? Yatsa kake so, na ba ka."

Na ce, "Inna, ai na kowa daban ne."

Ta ce to ai ban faɗa mata ba. Gaskiyarta ce kuwa.

Ta yarda ta sake zagaya gidajen, wannan karon har da kiran suna. Amma ranar miƙa aiki ta riga ta wuce. 'Yan ajinmu suka tafi bautar ƙasa, ni kuwa na ƙara shekara guda cur a makaranta.